Mun yi gangami, mun dasa itatuwa, ba abin da ya canza: yaya ake koya wa matasa kare ruwa da ƙasa?

"Assalamu alaikum. Ni malamin kimiyyar noma ne a wata sakandare a ƙaramar hukumar Igabi, kuma ina cikin ƙungiyar matasan garinmu. Shekara biyu ke nan muna gangamin wayar da kai. Mun dasa itatuwa, sun mutu kafin damina ta zagayo. Mun yashe kwata, ta sake cika da leda. Kwazazzabon bayan makaranta sai ƙara ci yake yi, rijiyar unguwa kuma duk damina sai ta gurɓace. Ta ina za mu ɓullo wa koyar da yara da jama'a yadda abin zai zauna? Ba mu da kuɗi mai yawa."

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya saka da alheri.

Idan na fahimce ka da kyau, ba rashin sani ke damun mutanen garinku ba. Manomin da kwazazzabo ya cinye masa kunya goma ba ya bukatar a gaya masa zaizayar ƙasa illa ce, haka uwar da ta kwana a asibiti da yaro mai amai da gudawa. Tambayarka ita ce yadda sani zai koma aiki, aikin kuma ya ɗore bayan an naɗe tabarmar taro. Abubuwa huɗun da ka lissafa kuwa tushensu kusan ɗaya ne: ruwan sama ya sauka, bai samu hanyar shiga ƙasa ba, sai ya kama gudu yana kwasar duk abin da ya tarar. Shawarata ita ce ku rage gangami, ku zaɓi wuri ɗaya, ku koyar da hannu, ku riƙa aunawa kuna rubutawa, kuma kada ku taɓa komai sai kun san wane ne mai wurin.

Irin ruwanmu da irin ƙasarmu

Matsalar jihar Kaduna ba ƙarancin ruwan sama ba ce. Daga Zariya zuwa garin Kaduna ana samun kimanin milimita 1,000 zuwa 1,200 a shekara, wajen Kafanchan da Kagoro kuma ya fi haka. Sai dai duk wannan ruwa yana sauka ne cikin wata biyar zuwa shida, ya fi ƙarfi a Agusta da farkon Satumba. Wanda ya fi ɓarna shi ne ruwan farko na ƙarshen Afrilu da Mayu, mai zuwa da iska, domin yana tarar da gona tsirara: an kwashe kara, dabbobi sun lashe sauran, abin da ya rage an cinna masa wuta. Ɗigon ruwa yana dukan ƙasa, ya farfasa ta, garin ya toshe ƙofofin da ruwa zai bi. Da rana ta fito sai saman ya yi ɓawo, ruwa na gaba ya zame a kai. A wurare da yawa ƙasar noman ba ta da kauri, ƙarƙashinta tsakuwa ce da marmara, in ta tafi sai fako.

Wannan bayani yana da amfani ne saboda matasa suna ganin bidiyon ramukan shuka masu tara ruwa da ake kira "zai", da kunya mai siffar rabin wata na Nijar da Burkina Faso su ce za su kwaikwaya. Waɗancan dabaru an yi su ne don wuraren da ruwansu ya yi ƙasa da namu sosai. A nan, rami mai tara ruwa a gindin masara zai iya nutsar da ita a Agusta, kunyar da ba ta da mafita kuma ta fashe ta haifar da sabon kwazazzabo. Abin da za ku koyar shi ne a rage wa ruwa gudu, a bar abin da ƙasa za ta iya sha ya shiga, ragowar a ba shi hanyar fita mai ciyawa.

Yana da kyau yara su san inda ƙasar tasu take zuwa. Ƙoramar bayan gari tana zubawa a rafi, rafi ya kai Kogin Kaduna, wanda ya taso daga tsaunukan Jos, ya ratsa gari, ya wuce dam ɗin Shiroro kafin ya haɗu da Kogin Neja. Dam ɗin Kangimi ma a ƙaramar hukumarku yake. Lakar da ta bar gona a irin waɗannan wurare take kwantawa, ta rage zurfin dam da na kogi, kuma tana daga cikin abin da ke ƙara wa unguwannin bakin kogi irin su Kigo Road haɗarin ambaliya.

Darasin da ido zai gani

Gani ya kori ji. Makonni uku ko huɗu na farko ku yi su a filin makaranta da kayan da ba sai an saya ba.

Ku samo jarkoki uku iri ɗaya, ku yanke gefe guda su zama kamar kwami, bakin yana nan. A cika ta farko da ƙasa zalla, ta biyu a rufe ƙasar da yankakken kara ko busasshen ganye, ta uku a yanko ƙasa da ciyawarta da saiwarta a kwantar. A jingina su duka a kan bulo ɗaya don gangaren ya zama daidai, a rataya kofi mai haske a bakin kowace. Sai a zuba ruwa daidai wa daida, lita biyu kowace, ta gwangwanin da aka huda gindinsa da ƙusa, a ɗaga shi kamar tsayin ƙirji. Kofin farko zai cika da jan ruwa nan take, na biyu ya yi jinkiri, na uku ya fito kusan garau. Inda ake kuskure shi ne a kwarara ruwan da bokiti. Wannan ba ruwan sama ba ne, duk ukun za su kwashe. Kuma kada malami ya faɗi sakamako tun farko. A sa yara su yi hasashe, a rubuta a allo, sannan a zuba.

Gwaji na biyu na shan ruwa ne. A cire sama da ƙasan babban gwangwanin madara, a buga shi cikin ƙasa kamar santimita 5, a juye ledar fiya wata ɗaya, wato rabin lita, a duba agogo har ruwan ya ɓace. A yi a filin ƙwallo, a yi a tsakiyar gona, a yi a ƙarƙashin ɗorawa inda ganye ke ruɓewa. Bambancin mintunan shi ne darasin.

Sai ma'aunin ruwan sama: gwangwani mai miƙaƙƙen jiki a kan turke, nesa da itace da rufi, a auna zurfin ruwan da rula kowace safiya a rubuta a littafi guda. Daga nan lissafi ya shigo, malamin lissafi ma ya samu abin yi. Milimita 1 a kan murabba'in mita 1 lita 1 ce. Rufin aji mai mita 10 da mita 8 murabba'in mita 80 ne, ruwan milimita 1,000 zai zubo masa lita 80,000 a damina, ko an cire asara za a iya tarar sama da lita 60,000. Ku tambayi yaran ina wannan ruwa yake bi yanzu. Sau da yawa kwazazzabon bayan makaranta daga indararon makarantar kanta yake samun ruwansa. Lissafi na biyu na manoma ne: idan kaurin milimita 1 kacal ya tafi daga hekta ɗaya, an yi asarar ƙasa kubik mita 10, wato kimanin tan 13 zuwa 15, buhu mai kilo 100 guda 130 zuwa 150. Ba mai lura da milimita ɗaya, amma ita ce ƙasar da aka zuba wa taki.

Rijiyar da ke gurɓacewa

Mutane sukan ɗauka daga ƙarƙashi ƙazanta ke shiga rijiya. Hakan na faruwa, amma rijiyar da ke yin ja bayan kowane ruwan sama yawanci daga sama take sha. Ku je da ɗalibai da madubi ko tocila. A kwarara bokiti biyu a kan daɓen bakin rijiya, a haska ciki, a saurara. In aka ga jiƙa na gangarowa ta jikin bango ko aka ji ɗiga, an gano ƙofar.

Gyaranta ba ya wuce ƙarfin unguwa. A ɗaga bakin ya kai kamar santimita 80, a yi masa murfi. A shafe mita 3 na sama na bangon ciki da siminti yadda ruwan gefe ba zai kutsa ba. A yi daɓe zagaye da ita, faɗin mita ɗaya da rabi zuwa biyu, mai gangare zuwa waje, da 'yar kwata da za ta kai ruwan da ya zube nesa, ta ƙare a ramin da aka cika da duwatsu ko a gindin ayaba. Sannan guga ɗaya tak, da ƙugiyar rataye shi da igiyarsa. Wannan na ƙarshe shi ya fi arha kuma shi ya fi wuya, domin kowane gida da gugansa, igiyar kuma a ƙasa take kwana inda awaki suke. 'Yan garuwa su ne suka fi kowa jan ruwa, don haka da su za a fara magana, ba a ƙarshe ba.

Ƙa'idar da aka saba bayarwa ita ce mita 30 tsakanin masai da rijiya, masai ya kasance ta gangare, gindin raminsa kuma ya tsaya aƙalla mita ɗaya da rabi sama da inda ruwa ke kaiwa a tsakiyar damina. A ƙauye wannan mai yiwuwa ne. A unguwa mai cunkoso kamar Rigasa ko Tudun Wada, inda fili ƙafa 50 da ƙafa 100 ne, tsawon gidan duka shi ne mita 30 ɗin, kuma masan maƙwabci yana jikin katanga. A irin nan gaskiyar magana ita ce a koyar da gyara ruwan sha a gida: a bar shi ya kwanta ko a sa alam, a tace da tsaftataccen ƙyalle, sannan a tafasa har ya yi minti ɗaya yana ɓararraka, ko a sa sinadarin kulorin gwargwadon abin da aka rubuta a jikin kwalba a jira minti 30. Kulorin ba ya aiki sosai a ruwa mai laka, shi ya sa tacewa ke gaba. A randa kuma, moɗa mai mariƙi wadda ba a sha da ita. Tafasawa da kulorin ƙwayoyin cuta suke kashewa, ba sa cire maganin feshi ko gubar dalma. Abin da ya faru a ƙauyukan haƙar zinare na Zamfara a 2010, inda yara ɗaruruwa suka rasu saboda gubar dalma, ya isa a gaya wa matasan da ke sha'awar wanke ƙasar zinare a rafi ko daka dutsenta a tsakar gida.

Masu noman rani a fadama su ma a kai musu abu uku: kada a wanke injin feshi a rafi, a ɗauraye kwalbar magani sau uku a juye ruwan cikin injin sannan a huda ta don kada ta koma ta man gyaɗa, kuma a bar wani zirin ciyawa a bakin gaɓa ba a nome ba.

Gona da kwazazzabo

Kuskuren da kusan kowace ƙungiya ke yi shi ne ta faɗa cikin kwazazzabo da buhunan yashi da shara. Buhu rana na cinye shi cikin watanni, shara kuma ruwa ya kwashe ta zuwa rafi. Kwazazzabo alama ce. Ciwon yana sama, inda ruwan ke taruwa. Ku bi sawunsa bayan an ɗauke ruwa, yara su zana taswira da kibiyoyi: daga wane rufi, wace hanya, wace gona.

A gona, kayan aikin koyarwa shi ne ma'aunin gangare mai siffar harafin A. Sanduna biyu masu mita 2 a haɗa kansu, ta uku mai mita 1 a gicciye a tsakiya, a sako igiya daga sama da dutse a ƙarshenta. Kafin amfani sai an daidaita shi: a tsayar, a yi alama inda igiya ta taɓa sandar gicciye, a juya ƙafafun su musanya gurbi daidai, a sake alama. Tsakiyar alamomin biyu ita ce daidai. Wanda ya tsallake wannan mataki layinsa zai karkace, ruwa ya taru wuri guda ya ɓalle. Daga nan ana tafiya da shi a gicciyen gangare, ana juya ƙafa ɗaya har igiya ta hau alama, ana kafa turke. Layin da ya fito shi huɗa za ta bi. Manoma da yawa suna yin kunya ta bi gangare don ya fi sauƙi ga shanu, sai kowane kwarin kunya ya zama 'yar ƙorama.

A kan layin a dasa jema ko gamba. Jema ta fi, saboda saiwarta miƙewa take ƙasa, ba ta mamaye gona, dabba kuma ba ta damu da ita in ta tsufa. A raba tushe zuwa 'ya'ya biyu ko uku, a datse ganye, a dasa tazarar santimita 10 zuwa 15, cikin Yuni ko Yuli da ƙasa ta jiƙu. In aka ba da tazara mai faɗi don tsimin iri, ruwa zai bi ta tsakani ya ƙara ƙarfi, gara gajeren layi mai kauri da dogo mai giɓi. Inda tsakuwa ta yi yawa, jeren duwatsu a kan layin yana yin aikin. A gangare mai sauƙi, layi ɗaya kowane mita 20 zuwa 25 ya wadatar. In ya yi tsanani a matso da su.

Sai bayan an rage ruwan da ke gangaro masa daga sama ake shiga ƙaramin kwazazzabo. Shingen dutse ko na turaku da rassa kada ya wuce santimita 50 zuwa 60. Tsakiyarsa ta fi gefe ƙasa don ruwa ya tsallake ta nan, gefunan a cusa su cikin gaɓa, a shimfiɗa duwatsu a ƙasansa inda ruwan zai faɗa. Ƙanana da yawa sun fi babba ɗaya, a jera su yadda kan na ƙasa zai yi daidai da gindin na sama. Lakar da ta taru a bayansu nan za a dasa jema ko gora, su ne za su riƙe wurin bayan turakun sun ruɓe.

Kwata ba ta da dogon bayani. A yashe ta a Afrilu kafin ruwa, a fara daga inda take zubarwa a yi sama, kuma a kwashe abin da aka fitar a ranar. Tulin da aka bari a gefe ruwan farko ke mayarwa. In unguwa ba ta da wurin zuba shara da mai kwashewa, za ta sake cika komai wa'azi.

Abin da ya kashe itatuwanku

Mai yiwuwa ɗaya daga cikin huɗu ne, ko duka: an dasa a makare, ba kariya daga awaki, ba mai ba da ruwa daga Disamba zuwa Afrilu, ko gara. A dasa daga Yuni zuwa farkon Agusta don saiwa ta kama kafin ruwa ya ɗauke. Rami kamar rabin mita faɗi da zurfi, ruɓaɓɓen taki ba ɗanye ba, a cire ledar reno. Kejin ƙaya ko na kara a kafa shi ranar dashe. Da rani a binne tsohuwar jarka mai ƙananan huji a gefe a riƙa cika ta sau biyu a mako. Talatin da suka rayu sun fi ɗari biyar da aka ɗauki hoto da su, don haka kowane itace a ba shi ɗalibi biyu da gidansu ke kusa, saboda hutu, kuma a ƙirga rayayyu a ƙarshen Afrilu, ba ranar dashe ba. Mangwaro da kashu da zogale sun fi samun mai tsaro. Itacen turare (eucalyptus) kuma a nisanta shi da rijiya da fadama.

Akwai hanyar da ta fi wannan arha: rainon kututturen da ke tohowa a gona, dabarar da ta dawo da itatuwa a yankin Maraɗi tun daga shekarun 1980. Maimakon a sassabe tohon kalgo ko ɗorawa ko kaɗanya, a zaɓi rassa biyu zuwa biyar masu ƙarfi a sare sauran. Saiwarsa ta riga ta yi nisa, ba ya neman ban ruwa.

Manya, da inda ƙarfinku ya tsaya

Yaro ba shi da gona, ba shi da rijiya. In ka tura shi gida ya ce wa mahaifinsa huɗarsa ba daidai ba ce, ka jawo masa faɗa, ka kuma rasa uban. A ba shi aikin gida na tambaya: Baba, ina ƙoramar nan take kaiwa kuna yara, wane itace ne ya ɓace? Dattawa suna son a tambaye su, daga nan za su zo kallon gwajin jarkoki da kansu. Mai unguwa da dagaci a fara gaishe su kafin a kafa turke ɗaya. Liman yana da abin faɗa a huɗuba, domin hadisi ya hana bawali a ruwan da ba ya gudu, ya kuma sa dasa itace cikin sadaka. Inda gari ya haɗa Musulmi da Kirista a je wa fasto a mako guda. Mata su ke riƙe da randa, hanyar isa gare su ita ce Islamiyyar matan aure da ƙungiyoyin mata na coci, ta bakin malamai mata da ɗalibai 'yan mata.

A kuma lura da abin da ke hana mutum ko ya yarda. Mai noma gonar aro ko haya ba zai dasa itace ba, mai gonar ma ba zai bari ba, don dashe kamar da'awar mallaka ne. Shi jema da gyaran huɗa za a kai masa. Kara kuwa abincin dabba ne, danga ne, makamashi ne, kuɗi ne. Kada a ce a bar shi duka, a nemi a bar wani kaso a daina ƙona sauran. In layin ciyawa zai ratsa burtali, a zauna da makiyaya tun kafin dashe.

Ranakun duniya suna da amfani in an ɗaura musu aiki: 22 ga Maris ta ruwa ta dace da duba rijiya kafin damina, 5 ga Yuni ta muhalli da dashe, 5 ga Disamba ta ƙasa da maganar ƙona daji.

Duk abin da na faɗa a kan kwazazzabo na wanda bai kai ƙugun mutum ba ne. Wanda ya shanye tsayin mutum, ko wanda kwalbatin titi ke zuba wa ruwa, ko ya kusa ginin aji, aikin injiniya ne, kuma kada yaro ya shiga cikinsa da damina, gaɓa tana ruftawa ba gargaɗi. Tazarar layuka ma sai malamin gona ya taka wurin zai tabbatar. Ku nemi malaman gona na KADA, hukumar bunƙasa aikin gona ta jihar Kaduna, ko cibiyoyin aikin gona na Jami'ar Ahmadu Bello, NAERLS da IAR, a Samaru, Zariya. Gwajin ruwa da sha'anin rijiya akwai Cibiyar Albarkatun Ruwa ta Ƙasa a Mando da hukumar samar da ruwa da tsafta a karkara, RUWASSA, shawarar itatuwa akwai kwalejin gandun daji ta Afaka, ƙorafin shara da ruwan masana'anta kuma na KEPA ne, hukumar kare muhalli ta jiha. Shirin ACReSAL mai tallafin Bankin Duniya yana aikin gyaran ƙasa a jihohin Arewa, har da Kaduna. Kafin ku rubuta musu, ku kafa turaku biyu masu ƙarfi kamar mita 10 daga kan kwazazzabon, ɗalibai su auna tazarar a farkon kowane wata, a ɗauki hoto daga wuri ɗaya. Takardar ta ƙunshi mita nawa ya ci a damina guda, mita nawa suka rage ya kai aji, ɗalibai nawa ke cikin ajin, da sa hannun shugaban makaranta da na dagaci.